Injin Lantarki a Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Filafili: Darasi a Kan Lissafin Batir

Gabatarwa

Idan aka ambaci jirgin ruwa, abin da kan faɗo wa yawancinmu a rai shi ne kwalekwalen da ake tuƙawa da gora, ko kuma jirgin fito mai inji irin wanda ke ƙetara Kwara da fasinja a Yawuri ko Lakwaja, ƙara ta cika kunne, hayaƙi na bin baya. To, akwai wani nau'in jirgi wanda ba mu cika gani ba sai a hoto, ko a bakin teku a Legas, inda ƙungiyar masu wasan tseren jirage take tun shekarar 1932. Shi wannan jirgi iska ce ke tura shi. Ana kafa masa dogon sanda a tsakiya, a ɗaura wa sandan ƙyalle mai ƙwari, iska ta bugi ƙyallen, jirgi ya tafi. A ƙasashen Turai da Amurka mutane da dama suna da ƙananan irinsa, masu tsawon mita 5 ko 6, suna fita da su tafki ko gaɓar teku a ranakun hutu.

Wannan darasi zai yi tsokaci ne a kan wani sauyi da ya bazu a tsakanin waɗannan mutane cikin kimanin shekaru 20 da suka gabata, wato ajiye ƙaramin injin fetur da suka saba rataya wa jirgi, da ɗaukar na lantarki mai aiki da batir. Za mu ga yadda injin yake aiki, da inda ya dace, da kuma inda zai iya jefa mai shi cikin halaka idan bai iya lissafi ba.

Kafin mu yi nisa, tun da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu daidaita kalmomi. Kalmar filafili tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya a bakin Hausawa. Akan kira katakon tuƙa kwalekwale da hannu filafili, akan kuma kira fiffiken fanka haka. A nan, duk inda muka ce filafili, muna nufin ƙyallen nan da ke tarar iska. Abin da ke juyawa a cikin ruwa yana tura jirgi kuwa, farfela za mu kira shi. Injin da ba a gina shi cikin jirgi ba, sai dai a ɗaure shi a bayansa a kuma kwance shi idan an gama, shi ne za mu kira injin rataye. Saura kalmomi biyu na awo, waɗanda in ɗalibi ya gauraya su darasin duka ya ɓace masa. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin da inji ke ja a daidai lokacin da yake aiki. Wat-awa kuwa shi ne ma'aunin abin da ke ajiye cikin batir. A ɗauki batir a matsayin randa: wat-awa shi ne yawan ruwan da ke ciki, wat kuma shi ne girman moɗar da ake ɗiba da ita. Babbar moɗa, randa ta ƙare da wuri.

Me jirgin iska zai yi da inji?

Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, iska ba baiwar kowa ba ce. Takan ɗauke cak da la'asar, ta bar mutum a tsakiyar tafki duhu na shigowa. Sannan jirgi mai filafili ba ya iya dosar iska kai tsaye. Idan daga inda za shi take busowa, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu, yana yankan ta a kaikaice. A buɗaɗɗen ruwa wannan ba komai ba ne, amma a ƙuntatacciyar tasha da ke cike da jiragen mutane masu tsada, babu filin yin haka, wasu tashoshin ma sun hana shiga da filafili sam. Saboda haka aikin inji a irin wannan jirgi ƙanƙane ne: minti 10 ko 15 na fita da safe, wasu kamar haka na komowa da yamma, sai kuma ranar da iska ta yi yaji. Wannan gajeren aiki shi ne ya buɗe wa lantarki ƙofa.

Wani abin mamaki shi ne, injin rataye na lantarki ya girmi na fetur. A watan Mayu na 1881 wani Bafaranshe mai ƙere-ƙere, Gustave Trouvé, ya gwada wani ɗan jirgi a kogin Sen a birnin Faris, da injin lantarki wanda ake iya cirewa a mayar. Sai a 1909 ne Ole Evinrude ya fara sayar da injinsa na fetur a Milwaukee ta Amurka, wanda ya yi kasuwa har ya shafe na lantarki. Dalili kuwa batir ne. Batirin wancan zamani nauyi gare shi kamar dutse, abin cikinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Lantarki bai mutu gaba ɗaya ba. Tun 1909 jiragen lantarki ke ɗaukar masu yawon buɗe ido a tafkin Königssee na Jamus, a 1934 kuma aka fara yin ƙananan injunan Minn Kota a Amurka domin masunta masu son su matso kusa da kifi ba tare da ƙara ba. Amma sai bayan da kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, irin wanda ke cikin wayarmu ta hannu, sannan aka sami batirin da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu kuma ya tura jirgi awa guda ko fiye.

A 2005 aka kafa kamfanin Torqeedo a garin Starnberg kusa da Munik, a bakin wani tafki inda hukuma ta taƙaita yawan jirage masu injin fetur ƙwarai. A 2012 wasu da suka yi karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong suka kafa ePropulsion. Waɗannan biyu su ne suka fi suna a wannan fage. A 2024 kamfanin Yamaha, wanda duk mai jirgin fito a ƙasar nan ya san injinsa, ya sayi Torqeedo, abin da ke nuna cewa su kansu masu injin fetur sun ga inda aka dosa.

Abin da ke cikin randa

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki inji guda mu yi aiki da shi. Akwai samfurin ePropulsion da ake kira Spirit 1.0 Plus. Iyakar ƙarfinsa wat 1,000 ne. Batirinsa yana ɗaukar wat-awa 1,276, nauyin batirin bai kai kilo 9 ba, inji da batir a haɗe kuma kimanin kilo 19 ne. Batirin a kan injin yake zama, ana ɓalle shi a tafi da shi gida a yi caji, an kuma yi shi yadda zai yi iyo idan ya faɗa ruwa.

Kamfanin yana cewa injin daidai yake da na fetur mai ƙarfin doki 3. A nan ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu, domin ƙarfin doki 1 kimanin wat 746 ne, ke nan doki 3 ya haura wat 2,200. Ta yaya 1,000 zai yi daidai da 2,200? Bayanin masu sayarwa shi ne, ba abin da inji ya ci suke aunawa ba, abin da ya isa ruwa suke aunawa. Ƙaramin injin fetur yana da 'yar farfela mai juyawa da sauri, wadda yawan ƙarfinta ke tafiya wajen kaɗa ruwa kawai. Na lantarkin yana da farfela mai faɗi, tana juyawa a hankali, kimanin sau 1,200 a minti, tana kama ruwa sosai. Akwai gaskiya a wannan magana, musamman ga jirgi mai nauyi da ke tafiya sannu. Amma a ganina maganar talla ce fiye da ta awo, kuma wanda ya ɗauka cewa zai sami duk abin da doki 3 na fetur ke bayarwa a ranar da teku ta yi fushi, zai sha mamaki.

Ga inda gizo ke saƙa. Lita 1 ta fetur tana ɗauke da kimanin wat-awa 9,000, wato ninki bakwai na abin da ke cikin wannan batir. Gaskiya ne injin fetur mabarnaci ne, fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan ƙarfi a zafi da hayaƙi yake tafiya, alhali na lantarki yana isar da kusan rabin nasa ga tura jirgi. To ko an cire wannan ɓarna, cikakken batirin bai wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta fetur ba. Mai injin fetur yana jefa galan guda a ƙarƙashin benci ya manta. Mai lantarki kuwa, abin da ya fito da shi daga gida shi ke nan, ba gidan mai a tsakiyar ruwa, cajin kuma da cajar da ke zuwa da injin yana cin fiye da awa 8.

Sannu ba ta hana zuwa

Idan haka ne, ta yaya mutane ke yini a ruwa da wannan ɗan batir? Sirrin yana cikin ɗabi'ar ruwa.

Jirgi mai nauyi ba ya tashi bisa ruwa, ratsa shi yake yi. Yayin da yake tafiya goshinsa yana tayar da igiyar ruwa, gwargwadon gudunsa gwargwadon tsawon igiyar. Idan tsawonta ya kai tsawon jirgin, sai ya zama jirgin yana zaune cikin kwarin da ya haƙa da kansa, yana ƙoƙarin hawan tudun da shi ya tara. Daga nan kome aka ƙara masa na ƙarfi, igiya kawai yake ƙarawa. Masu jirage suna da hanyar ƙiyasta wannan iyaka. A auna tsawon jirgi a daidai inda ya taɓa ruwa, da mita. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sannan a ninka ta da 4.5. Abin da ya fito shi ne iyakar gudu da kilomita a awa. Jirgi mai mita 4 a ruwa, iyakarsa kilomita 9 ke nan. Mai mita 5, kimanin kilomita 10.

Tun kafin a kai wannan iyaka ma, gudu tsada gare shi. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar ruwa tana ninkuwa kimanin sau huɗu, kuma ana yaƙi da wannan turjiya a kan tazara ninki biyu cikin kowace awa. Huɗu sau biyu takwas. Ke nan ninka gudu sau biyu yana bukatar ƙarfi kimanin sau takwas. Idan aka juya maganar sai ta zama albishir: wanda ya rage rabin gudunsa, kashi ɗaya cikin takwas kawai zai ja.

Mu gwada da misali. Lambobin gudu na nan ƙaddarawa ce domin darasi, kowane jirgi da nasa. A ƙaddara jirginmu yana yin kilomita 8 a awa idan an murɗa totur har ƙarshe, wato wat 1,000. Batir zai ƙare cikin awa ɗaya da kwata, an ci kilomita 10. Idan aka sassauta zuwa kilomita 6 a awa, abin da za a ja kimanin wat 420 ne, batir ya yi awa 3, an ci kilomita 18. Idan kuwa aka sauko kilomita 4 a awa, gudun mai tafiya da ƙafa, wat 125 ya isa, batir ya yi awa 10, an ci kilomita 40. Batir ɗaya, jirgi ɗaya, amma tazara ta ninku sau huɗu, ba don komai ba sai don hannun da ke kan totur ya yi haƙuri.

Wannan shi ya sa masu irin wannan inji suke yabonsa. Fita da shiga tasha a wat 200 ko 300 na rabin awa kimanin kashi ɗaya cikin goma na batir ne, sai mutum ya yi fita da yawa kafin ya nemi caja. Ba jan igiya ana haki, ba kafireta da ta toshe saboda fetur ya kwana wata shida a ciki, ba canjin fulogi ko baƙin mai, ba warin mai a cikin kayan abinci. Ƙananan injunan fetur da yawa ba su da ribas, sai an juya injin gaba ɗaya ya kalli baya. Na lantarki kuwa totur kawai za a murɗa ta ɗaya gefen. Kuma yana iya tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ya mutu ba, abin da ake bukata ke nan yayin da ake lallaɓawa tsakanin jirage biyu. Ga kuma shiru, mai tuƙi yana jin maganar wanda ke goshin jirgi.

Inda sannu ke hana zuwa

Duk lissafin da muka yi a sama na ruwa mai kwanciya ne, kamar tafki ranar da babu iska. Da zarar ruwan kansa yana gudu, karin maganar nan sai ta sami togiya.

A teku ruwa yana cikowa yana janyewa, yana sauya alƙibla kusan duk bayan awa 6. A bakin kogi ko a ƙuntatacciyar mashiga wannan gudu yana da ƙarfi. A mashigar Solent, tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight, inda ƙananan jirage masu filafili suka yi yawa, akwai wurin da gudun ruwa kan wuce kilomita 7 a awa. Mu ɗauki mai sauƙi, kilomita 3 a awa, yana tahowa daga inda muka nufa. Duk gudun da jirgi ke yi a cikin ruwa sai an ɗebe masa 3 kafin a san abin da ya ci na ƙasa. A cikakken totur, 8 ta koma 5, batir ya kai mu kilomita 6 da ɗoriya. A gudun 6, ana cin 3, awa 3 ta ba da kilomita 9. A gudun huɗu da rabi, wat kimanin 180, ana cin ɗaya da rabi, awa 7 ta ba da kusan kilomita 11. A gudun uku da rabi tazara ta sake faɗowa ƙasa da kilomita 8. A gudun 3 kuwa, farfela na juyawa, batir na raguwa, bishiyar da ke gaɓa tana nan daidai kafaɗarka har gobe.

Ashe akwai tsaka-tsaki. Lissafi ya nuna cewa gudun da ya fi tanadin batir, idan ana fuskantar ruwa, shi ne ninki ɗaya da rabi na gudun ruwan. Ruwa na 3, kai ka yi huɗu da rabi. Ruwa na 4, ka yi 6. Ruwa na 5 kuwa, ana bukatar bakwai da rabi, kusan iyakar injin ke nan, kuma ko kilomita 4 ba za a ci ba batir zai mutu. A irin wannan hali dabara ɗaya ce, a jefa anka a jira ruwa ya juya. Wanda ke kogi ba shi da wannan gata, domin kogi ba ya juyawa. Shi sai dai ya fara tafiyarsa da hawa, ya bar gangara domin komowa.

Iska ta fi ruwa sharri, saboda ba ta da jadawali. Jikin jirgi, da sandan filafili, da igiyoyi, da mutanen da ke zaune, duk suna tarar iska ko an sauke filafili. Idan gudun iska ya ninku sau biyu, turinta yana ninkuwa sau huɗu, ga kuma igiyar ruwa tana bugun goshin jirgi tana tsayar da shi. A nan ne wat 1,000 ke nuna iyakarsa. Mutum zai murɗa totur har ƙarshe, jirgi na rarrafe, ya san kuma awa ɗaya da kwata kawai gare shi. Idan iskar tana tura shi ne zuwa gaɓa mai duwatsu, to maganar ta wuce ta jin daɗi, ta zama ta rai.

Masu gwaninta ba sa shiga wannan yaƙi. Abin da suke yi shi ne su naɗe wani sashe na filafili ya rage girma, su bar iska ta yi babban aikin, su yanke ta a kaikaice, inji kuma ya taimaka da wat 200 ko 300 domin goshin jirgi ya riƙa tsayawa inda ake so. Iskar da ke cinye batir, ita ce kuma man jirgin idan an iya. Wannan ne ya sa nake ganin injin lantarki ya dace da wanda ya riga ya iya sarrafa filafili. Wanda bai iya ba, wanda da iska ta taso sai ya sauke komai ya ruga ga inji, gara ya zauna da na fetur da galan ɗinsa har ya koya.

Akwai ɗan allo a hannun injin da ke nuna wat ɗin da ake ja da lokacin da ya rage, na Torqeedo ma har yana ƙiyasta tazarar da ta rage ta hanyar tauraron ɗan'adam. Abu ne mai amfani, amma halin yanzu kawai ya sani. Wanda ya fita iska na tura shi ta baya zai ga lamba mai daɗi, ya juyo ya ga ta narke. Tsohuwar ƙa'idar masu jirage game da mai tana aiki a nan: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na komowa, ɗaya ba a taɓa shi.

Ratayawa da kulawa

Kuskuren da aka fi yi wajen saye shi ne tsawon ƙafar inji. Jirgi mai filafili yana sunkuyo yana ɗagowa a kan igiyar ruwa kamar doki mai sukuwa, bayansa kuma yana da tudu. Idan ƙafar gajera ce, farfela za ta riƙa fitowa tana kaɗa iska a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Saboda haka a auna daga maratayi zuwa ruwa kafin a biya kuɗi, a kuma duba yadda kamfanin yake auna nasa, don awon masu lantarki ba lallai ya zo ɗaya da na masu fetur ba. A tabbata farfela ba ta taɓa allon juya jirgi idan an karkata shi har ƙarshe. A ɗaure injin da igiya ta daban, domin batir ne ke iyo, shi injin nutsewa yake yi. Idan an ɗaga filafili, a ɗage injin daga ruwa, in ba haka ba faffaɗar farfelar nan za ta zama birki.

Wasu samfura, kamar Spirit 1.0 Evo, suna iya mayar da wannan birki riba. Ana barin farfela cikin ruwa, gudun jirgi ya juya ta, ta riƙa caja batir. Sai dai ba ta fara bayarwa sai jirgi ya kai kimanin kilomita 7 a awa, kuma ƙaramin jirgi da iyakarsa 10 ce ɗan kaɗan zai samu. Haka farantin sola. Mai wat 100 a rana mai kyau zai iya tara wat-awa 400 zuwa 500, ke nan kwana uku kafin ya cika batirin da ya ƙare, in ma inuwar filafili ba ta faɗa masa ba. Ga jirgin da ke hutawa a tasha duk mako yana jiran Asabar, wannan ya wadatar. Ga mai tafiyar kwanaki a jere, bai wadatar ba.

Shirun injin yana da nasa haɗari. Na fetur idan yana kunne kowa ya sani. Wannan kuwa yana iya zama a kunne tsit, yaro ya taɓa totur, farfela ta tashi nan take alhali wani yana wanka a gefe. Shi ya sa aka yi masa ɗan mabuɗi mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a wuyan hannu, in mai tuƙi ya faɗa ruwa mabuɗin ya fita, inji ya tsaya. A cire shi duk lokacin da ba tafiya ake yi ba.

Ga kuma wata magana ta doka wadda za ta burge mai nazarin ma'ana. Dokokin hana karo a teku na duniya, waɗanda aka amince da su a 1972 suka fara aiki a 1977, sun ce a mafi yawan hali jirgi mai inji shi ne zai kauce wa mai filafili. Amma dokar ba da siffa take fassara jirgi mai filafili ba, da aiki take fassara shi. Da zarar inji yana tura shi, sunansa ya koma jirgi mai inji, ko da filafilinsa na sama a buɗe, ko da injin ba ya ƙara, kuma gatan nan ya faɗi. Da rana ana so ya rataya wata baƙar alama mai siffar mazurari, tsininta na kallon ƙasa, domin sauran jirage su sani. Wanda ya kunna injinsa a ɓoye yana jiran a kauce masa, idan aka yi karo ba shi da bakin magana.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Bayan an fito daga ruwan gishiri a wanke da ruwan daɗi. A duba bayan farfela ko zaren kamun kifi ya naɗe, domin yakan yanka robar da ke hana ruwa shiga inji. A tsabtace bakin wayoyi, a sauya ɗan guntun ƙarfen nan da aka sa domin gishiri ya ci shi a madadin injin idan ya zaizaye. Batirin litiyam ba ya son zafi, kada a bar shi cikin mota a rana, kuma idan za a ajiye shi wata da watanni a bar shi da kimanin rabin caji. Wanda ya yi niyyar sayo shi daga waje ya sani cewa ba a yarda fasinjan jirgin sama ya ɗauki batirin da ya wuce wat-awa 160 ba, wannan kuwa ya ninka haka kusan sau takwas, sai dai ya biyo hanyar kaya.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Injin lantarki irin wannan yakan ninka farashin takwaransa na fetur sau biyu ko fiye, kusan rabin kuɗin kuma na batir ne, batir kuwa yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Wanda ke ƙona lita 10 kacal a shekara ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ta tanadin mai ba. Abin da ya saya shi ne shiru da tsabta da inji mai tashi duk lokacin da aka taɓa shi. Akwai hanya mai rahusa da wasu ke bi, wato ɗan injin masunta irin na Minn Kota da babban batir irin na mota. Yana aiki a ƙaramin tafki mai kwanciya. Sai dai batirin dalma da aka rubuta masa wat-awa 1,200 nauyinsa yakan kai kilo 25 ko 30, kuma rabin abin cikinsa kawai ake iya ɗiba in ana so ya yi ƙarko, farfelar injin ma ba don nisa aka yi ta ba.

Jinga

Wani mai jirgi yana da batir na wat-awa 900, saura kashi 60 cikin 100 a ciki. Jirginsa yana yin kilomita 6 a awa idan yana jan wat 400. Iska ta ɗauke, tasha na nesa da shi da kilomita 5, ruwa kuma yana gudu daga tashar zuwa gare shi da kilomita 2 a awa. Saura awa 2 rana ta faɗi, ba shi da fitila. A lissafa abin da zai rage masa a batir idan ya tafi da gudun 6, da kuma lokacin da zai isa idan ya bi ƙa'idar ninki ɗaya da rabi. Sannan a nemo gudun da zai kai shi daidai faɗuwar rana, da wat ɗin da zai ja, a faɗi wanne daga cikin ukun ya kamata ya zaɓa da dalili. Wanda kuma yake da kalmar da ta fi injin rataye dacewa, musamman 'yan'uwanmu da suka tashi a bakin ruwa suka ji abin da masu fito ke kiransa, ya kawo ta aji a tattauna.